Kumfar da ta kama wuta a bayan makaranta: nazarin wata fadamar tace ruwa a Garwa

Wata safiya cikin watan Maris, lokacin da zafin Garwa kan haura digiri 40 kafin a kira azahar, Baba mai gadi ya tsaya a bakin ajina yana jira in gama rubutu a allo. Ba ɗabi'arsa ba ce zuwa wajen azuzuwa. Da na fito muka gaisa, sai ya ce, "Malam, in ka sallami yaran nan ka zo ka duba lambun kachalla. Ruwan sai numfashi yake kamar tukunyar talge."

Na bi shi har bayan ɗakunan kwana. Inda ya kamata a ga busasshiyar tsakuwa da kachalla tsaye a kanta, baƙin ruwa ne kwance ya kai idon sawu. Kainuwa ma ta fara rufe kusurwa ɗaya, ba wanda ya dasa ta. Baba ya zura sandarsa cikin laka ya juya, kumfa ta taso ɓul-ɓul, wari ya bugo mu kamar na ruɓaɓɓen ƙwai.

Ni malamin kimiyya ne a wannan makaranta, makarantar kwana ta al'umma a gefen gari, mai ɗalibai 400. Ba zan ambaci sunanta ba, haka ma waɗanda suka yi ginin. Alkaluman iska mai ɗumama duniya da za a gani a ƙasa lissafi ne na takarda, da na yi da ma'aunan da kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya wallafa, wato IPCC, wanda a Faransanci ake ce wa GIEC.

Yadda aka yi ta

Kafin a gina wannan wuri, ruwan wanka da na wanki da na kicin, haɗe da wanda ke tumbatsowa daga tankin masai, abin da mutanen nan ke kira fos, duk kwata ɗaya suke bi. Kwatar ta ratsa ƙofar gidaje kafin ta faɗa wani ƙaramin mayo, wato rafi, da ke gangarawa kogin Binuwai. Mai unguwa ya zo ya fi a ƙirga. Mutane ba su manta kwalarar 2010 da 2011 ba, wadda ta yi ɓarna a arewacin ƙasar nan ta Kamaru, saboda haka ba wanda ya ga laifin maƙwabta da suka ɗaga murya.

Da aka sami tallafi, sai aka zaɓi abin da ba ya bukatar lantarki ko sinadari: fadamar da mutum ke ginawa da hannu don ta tace ƙazamin ruwa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Wata masaniyar tsirrai a Jamus, Käthe Seidel ta cibiyar Max Planck, ita ta fara gwada ta a shekarun 1950, bayan ta lura cewa ruwan da ya ratsa cikin ciyayin bakin tafki yakan fito da tsabta fiye da yadda ya shiga. Ba ciyawar ke yin yawancin aikin ba. Ƙwayoyin bakteriya ne da ke manne a jikin tsakuwa da saiwoyi suke cinye dattin.

Iri uku ake yi. Akwai wadda ruwa ke kwance a fili kamar kududdufi, ciyawa na tsaye a ciki. Akwai wadda ake cika rami da tsakuwa, ruwa ya shiga ta wannan gefe ya ratsa a kwance ta ƙarƙashi ya fita ta wancan, ba a ganinsa ko kaɗan. Ta uku kuma ana kwara ruwan a sama lokaci-lokaci, ya tsiyaye zuwa ƙasa ta cikin yashi da tsakuwa, iska ta biyo bayansa. Tamu ta biyun ce: tsawo mita 30, faɗi mita 15, zurfin tsakuwa santimita 60, an shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, an dasa kachallar da aka ciro daga wani tafki kusa da kogi.

Shekarar farko abin sai son barka. Ruwan da ke fita ba wari, ba sauro, kwatar unguwa ta bushe. Duk baƙon da ya zo sai an kai shi ya gani.

Inda bango ya tsage

Tun a takarda aka fara kuskure. A Turai, ƙa'idar da aka daɗe ana bi ga irin wannan fadama ita ce murabba'in mita 5 ga kowane mutum. A ƙasa mai zafi ana iya ragewa, domin ƙwayoyin sun fi saurin aiki, amma namu murabba'in mita 450 ne, kuma an auna shi ne lokacin da ɗalibai suke 250. Da suka kai 400, kowane yaro bai samu abin da ya wuce mita ɗaya da ɗan ɗoriya ba.

Sauran laifin namu ne, har da ni. Tankin masai yana bukatar a kira motar kwashewa in laka ta taru. Shekara uku ba a kira ba, kullum ana cewa sai an karɓi kuɗin zango mai zuwa. Barin kashi a ciki kuwa ba ya maganin yunwa. Da tankin ya cika, lakar ta riƙa wucewa kai tsaye cikin tsakuwa. A kicin kuma ana wanke tukwane da toka da yashi, ga maiƙon miya, duk suna bin bututu ɗaya. Kachalla ba a taɓa yanke ta ba, ganyenta ya bushe ya zube ya ruɓe a wurin, ƙurar hunturu ta zo ta liƙe abin da ya rage. Sannu a hankali ƙofofin da ke tsakanin tsakuwa suka toshe, tun daga bakin shiga. Ruwa kuwa ba ya jira. Da ya rasa hanya a ƙasa sai ya hau sama.

Wato ba tare da an zauna an yanke shawara ba, fadamarmu ta tashi daga iri na biyu ta koma iri na farko, kuma mafi munin sa, domin ƙarƙashin ruwan laka ce mai kauri da ba iskar da ke kai mata.

Abin da ke cikin kumfar

Duk abin da ya ruɓe sai ya fitar da iska. Wace iska ce, wannan ya danganta da ko akwai oksijin a wurin. In akwai, ƙwayoyin da ke cin dattin suna fitar da kabon dayoksaid da ruwa. Wannan kabon ba a lissafa shi cikin laifin ƙazamin ruwa, saboda asalinsa daga gero da masara da shinkafar da yara suka ci ne, su kuma daga iska suka zuƙe shi a daminar da ta wuce. Bashi ne aka mayar.

In babu oksijin, wasu halittu dabam ke karɓar aikin, irin waɗanda ke cikin tumbin saniya da gonar shinkafa. Su metan suke fitarwa, wata iska mai kama wuta. A lissafin rahoton IPCC na biyar, kilo ɗaya na metan yana riƙe zafi daidai da kilo 28 na kabon dayoksaid cikin shekara 100. In a shekara 20 aka auna, ya haura ninki 80, domin metan ba ya daɗewa a sama, kimanin shekara 12 ne, amma kafin ya tafi ya yi aikinsa. Waɗannan halittu kuma sun fi walwala a zafin da ke tsakanin digiri 30 da 37. Wanda ya san bazarar Garwa ya san mun shimfiɗa musu tabarma.

Metan ba shi da wari. Warin ƙwan da ya buge mu na wata iska ce mai sinadarin farar wuta, wadda ita ma a inda babu oksijin take samuwa. Hanci dai ya ba da labari, amma ba ainihin mai laifin ya nuna ba.

Kachalla ma tana da hannu, ta fuska biyu. Wanda ya taɓa karya karanta ya ga cikinsa kamar soso. Ta waɗannan ƙofofi take tura oksijin zuwa saiwa don kada ta shaƙe, kuma a kewayen saiwar akwai wasu ƙwayoyin da metan ne abincinsu, suna cinye wani kaso kafin ya tsere. Sai dai hanyar da iska ta bi ta sauka, ita metan ke bi ya hau. Kowane kara bututun hayaƙi ne.

Akwai ta uku da ba a cika zancenta ba, naitros oksaid, wadda ake rubutawa N2O. Daga sinadarin naitrojin na fitsari take fitowa. Ƙwayoyi na juya amoniya zuwa naitret in akwai oksijin, wasu kuma su juya naitret zuwa iskar naitrojin marar illa in babu. Idan wuri ya zama ba a ruwa ba a tudu, oksijin ɗin bai isa ba kuma bai ƙare ba, aikin kan tsaya rabi, N2O ta fita. Ba ta da yawa, amma kilo ɗaya nata daidai yake da kilo 265 na kabon dayoksaid, tana wuce shekara 100 a sama, tana kuma cin rufin ozon da ke tare mana hasken rana mai cutarwa.

Washegari na kai 'yan ajin ƙarshe wurin. Muka yanke gindin babbar gorar ruwa, muka nutsa ta da murfinta a rufe har ta cika, Baba ya motsa laka a ƙarƙashinta. Kumfa ta riƙa hawa tana ture ruwan. Da iska ta taru, na sa yara suka ja baya, na sassauta murfin na kawo ashana. Wani siririn harshen wuta shuɗi ya tashi, da ƙyar ake ganinsa a rana, ya mutu. Baba ya ce, "La haula! Malam, ashe wuta muke kwana da ita." Abin da masanin kimiyya Alessandro Volta ya yi ke nan a 1776 a bakin tafkin Maggiore na Italiya, ya motsa laka cikin ciyayi da sanda ya tara iskar, daga nan aka fara sanin metan. Yaran sun fi jin daɗin wannan darasi fiye da duk abin da na koya musu a shekarar. Ni kuwa daga baya na yi da-na-sanin yin sa a gabansu, domin sai da aka sa doka kada kowa ya je wurin da ashana.

Labari ya kai gida kafin Juma'a, kuma ya canza kama a hanya. Wata uwa ta zo da kanta ta tambaye ni ko irin abin tafkin Nyos ne. Ba tambayar wasa ba ce a Kamaru. A daren 21 ga Agustan 1986 wannan tafki na yankin Arewa maso Yamma ya saki kabon dayoksaid da ya kashe mutum fiye da 1,700, bayan na Monoun a 1984 da ya kashe 37. Na ce mata, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Wancan iskar dutse ce da ta taru shekara da shekaru a ƙasan tafki mai zurfin mita 200. Namu bai kai gwiwa ba, abin da ya fito iska ke kwashewa nan take." Haɗarin da ke kusa da yaranta sauro ne, sai kuma cikin tankin masai, inda iskar nan mai warin ƙwai kan kashe wanda ya shiga ba shiri. Zancen sauro ma ba ƙarami ba ne: masu bincike a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya sun nuna yadda tafkunan tace ruwa masu kainuwa ke hayayyafa shi, musamman irin da tsutsarsa ke maƙalewa a saiwar kainuwar.

Lissafin da na kai gaban kwamiti

A 2013 IPCC ta fitar da ƙarin jagora kan fadamu, babi na shida kuwa kacokan kan irin wannan gini yake. Hanyar lissafin ba wuya. Ana auna dattin da ke ruɓewa da yawan oksijin da zai ci, ma'aunin da ake kira BOD, a Faransanci DBO. Ga Afirka, jagorar IPCC ta 2006 ta ba kowane mutum giram 37 a yini. Ɗalibai 400 ke nan kilo 14.8. Kowane kilo ɗaya, in ya ruɓe gaba ɗaya babu oksijin, iyakar metan da zai bayar kilo 0.6 ne. Daga nan sai a duba wane kaso na wannan iyaka kowane irin gini ke kaiwa: fadamar da ruwa ke kwance a fili kashi 40 cikin 100, mai ratsawa a kwance ta ƙarƙashi kashi 10, mai tsiyayewa daga sama kashi 1 tak.

Na ɗauka rabin dattin yana kwantawa a tanki, rabi ya wuce fadama, wato kilo 7.4 a yini, na kuma ɗauka yara suna makaranta kwana 270 a shekara. Fadamar tana lafiya, metan kilo 120 a shekara. Bayan ta toshe, kilo 480. Da mai tsiyayewa ce, kilo 12.

Kilo ba ya shiga kunnen kwamiti, sai na mayar da shi shanu. A jagorar 2006, saniyar Afirka da ba ta tatsa ba tana gyatsar metan kimanin kilo 31 a shekara. Na ce musu da fadamarmu shanu huɗu ce, yanzu ta zama goma sha biyar, in muka sāke mata tsari ba za ta kai rabin saniya ba. Nan kowa ya gyara zama.

Da na ƙara N2O sai hoton ya ɗan sauya, kuma gaskiya ta sa in faɗa. Cikin iri ukun, mai ratsawa a kwance ita ta fi fitar da ita: kashi 0.79 cikin 100 na naitrojin da ya shiga, a kan 0.13 na mai ruwa a fili da 0.023 na mai tsiyayewa. Na ɗauki giram 8 na naitrojin ga kowane yaro a yini. In aka haɗa iskokin biyu aka mayar da su kabon dayoksaid, fadamar tana lafiya kusan tan 6 ce a shekara, rabi metan rabi N2O. Ta toshe, kusan tan 14. Mai tsiyayewa ba ta kai rabin tan ba. Toshewar ta ninka laifin sau biyu da ɗoriya ke nan, ba sau huɗu ba kamar yadda metan kaɗai ya nuna. Ya kamata a riƙe kuma cewa yawancin awon da aka gina waɗannan ma'aunai a kansa a ƙasashe masu sanyi aka yi shi, inda ƙwayoyin kan yi barci rabin shekara. Namu ba sa hutu.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Da na zo rufe lissafi sai na tuna tankin masai, wanda ba wanda ya kalla domin yana ƙarƙashin siminti. Kason da IPCC ta ba shi 50 ne cikin 100. Kilo 14.8 sau 0.6 sau rabi, kilo 4.4 ke nan a yini, kusan kilo 1,200 a shekara. Shanu 39. Tan 33 da ɗoriya. Mun yi wata guda muna zagin kududdufin da ke kumfa a idonmu, alhali siririn bututun da ke tsaye a jikin bangon bayi yana fitar da ninki biyu da rabi na abin da yake fitarwa, shiru, tun ranar da aka buɗe makarantar.

A zaman kwamiti wani daga cikin iyaye, ɗan kasuwa ne, ya ce to in haka ne a cike ramin a koma yadda ake da. Na ce, "Alhaji, kwatar da ruwa ke tsayawa a cikinta a rana, ma'aunin da aka ba ta 50 ne cikin 100, ya fi na fadamar da ta toshe. Kuma ita a ƙofar gidan mutane take." Wannan ita ce gaɓar da nake ganin ana yawan kuskurewa idan ana zancen iskar da fadamun nan ke fitarwa. Ana auna su da sifiri, kamar in ba su dattin zai ɓace. Dattin yara 400 sai ya ruɓe a wani wuri. Abin da ke hannunmu shi ne ko zai ruɓe da iska ko a shaƙe.

Darakta shi kuma ya faɗi abin da ke ran mutane da yawa: tan 14 ko tan 40, me ya dami duniya, ga masana'antun manyan ƙasashe? Ban musa masa ba. Ko Kamaru baki ɗaya kasonta ɗan mitsitsi ne, duk da ta yi alkawari a 2021 za ta rage abin da take fitarwa da kashi 35 cikin 100 kafin 2030. Ba don ceton duniya kwamiti ya fitar da kuɗi ba. Sauro da wari da tsoron dawowar mai unguwa ne suka buɗe aljihu. Sa'ar da aka yi ita ce maganin waɗannan shi ne maganin metan ɗin.

Gyara

An fara da kiran motar kwashe masai. A babban hutu aka tone tsakuwar duka, aka wanke wadda za ta wanku, aka zubar da ta bakin shiga da ta zama kamar kwalta. Wani injiniya ɗan unguwa, tsohon ɗalibin makarantar, ya ba da shawarar a koma tsarin tsiyayewa tunda filin yana da gangara. Aka raba ramin gida biyu da bango. A ƙasa manyan duwatsu da bututu masu huji, bakinsu ya fito sama don iska ta shiga, sai ƙananan tsakuwa, sai wankakken yashin mayo. Tsakanin tanki da fadama aka gina ƙaramin kwatami mai lanƙwasasshen bututu, sifon, wanda ke tara ruwa har ya kai wani layi sannan ya sake shi gaba ɗaya. Ruwan ya malale saman yashi, ya nutse, ya jawo iska a bayansa. Ba famfo, ba lantarki, abin da ke da muhimmanci a garin da wuta kan yi wasan ɓuya idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya.

Ɓangare ɗaya na aiki kwana uku da rabi, ɗayan na hutawa, sai a juya. Wannan hutun shi ne ruhin abin: a cikinsa dattin da ya taru ke bushewa ya ruɓe da iska. Juyawar kuwa murɗa kan famfo biyu ne, Litinin da safe da Alhamis da yamma. Baba ya karɓi aikin, aka ƙara masa wani abu a wata. A bakin kicin aka sa tarkon maiƙo, aka roƙi Inna mai tuwo da 'yan aikinta su riƙa zubar da ruwan toka a wani rami dabam.

Kachalla an rabu da ita. Mutanen Hadeja da Nguru sun san yadda take cinye fadama in ta samu wuri, ba kuma dabbar da ke marmarinta. Aka dasa roba, doguwar ciyawar nan da ta cika yayre, wato filayen ambaliya, na kogin Logone, wadda masana ke kira Echinochloa pyramidalis. Ba mu muka ƙirƙiro ba: Ives Magloire Kengne da abokan aikinsa a Jami'ar Yawunde ta Ɗaya sun gwada ta a fadamu masu tsiyayewa don busar da lakar masai, ta kuma jure. Amfaninta a nan shi ne ana yanka ta a shanya a ba dabba, don haka ba sai an roƙi kowa ya yanke ba. Watanni biyu kafin Layya har rubibinta ake.

Injiniyan ya so a tafi gaba. A Faransa akwai dubban ƙauyuka da ba sa sa tanki sam, ɗanyen ruwan ake kwarawa kan tsakuwa bayan an tace shara, lakar ta bushe a sama ta zama taki, sai bayan shekara 10 zuwa 15 a kwashe. Da an bi wannan, shanu 39 ɗin nan da sun tafi. Kwamiti ya ƙi, kuma ina tare da su. Ɗanyen bayan gida a fili, taku kaɗan daga ɗakin kwanan yara, ga ƙuda, ga ƙwallo da ke faɗawa ko'ina, ba abin da za a kare a gaban iyaye ba ne.

Sabon tsarin ma yana da nasa. Ruwan na wucewa da sauri, don haka bai kashe ƙwayoyin cuta kamar yadda tsohon ke yi lokacin yana lafiya ba. Naitrojin ɗin kuma ba ya tafiya, naitret yake zama, taki ne ga shuka amma ba a son sa kusa da rijiya. Saboda haka ruwan da ke fita darbejiya da mangwaro ake ba wa, an hana zuba shi a kan latas da tumatir. Sannan hutun zango na biyu yakan faɗo a ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilu, tsakiyar zafi. Yashi ba ya riƙe ruwa, mako biyu ba yara, robar ta fara ƙonewa a shekarar farko. Baba ne ya cece ta da ruwan alwalar masallacin makaranta, bokiti-bokiti. Yanzu an ja tiyo daga wurin alwalar. Da damina kuma sai da aka ɗaga bangon kewaye, domin ruwan sama mai gangarowa ya taɓa shafe ɓangare ɗaya da jar laka.

Mun sāke gwajin gora a bazarar da ta biyo baya, ni da Baba kaɗai. Ba inda za a nutsa ta, domin ba ruwa a sama.

Saura tanki

Kilo 4.4 na metan a yini makamashi ne. Kilo ɗaya yana ba da zafi kimanin megajul 50, tukunyar gas mai kilo 12.5 da ake saye a kasuwa kuma tana da kimanin 575. A takarda, abin da ke fita ta wancan bututu ya kai tukunya ɗaya duk kwana uku. A aikace ba zai kai haka ba, domin ruwan wanka na tsinka abin da ke tankin, wani metan kuma na narkewa ya bi ruwa. Sai an raba bututun bayi da na wanka, an gina rufaffen rumbun gas a madadin tankin. In aka ƙone metan, kabon dayoksaid da tururi yake komawa, ga kuma itacen da kicin zai rage saye.

Injiniya ya kawo kiyasin kuɗi. Da aka kira Inna mai tuwo aka yi mata bayani, ta saurara har ƙarshe, sannan ta dube ni ta ce, "Malam, ɗana, wutar masai zan ɗora wa tuwon 'ya'yan mutane?" Na fara zancen cewa iska ce ba ƙazanta ba, ta ɗaga hannu ta ce ba ni za ta ji daga baki ba, a tambayi malamai. Darakta ya ga maganarta a kan hanya take, ya rubuta tambayar ya aika wa limamin unguwa, shi kuma ya ce zai zauna da 'yan uwansa su duba littattafai. Takardar kiyasin tana cikin durowar Darakta. Abin da kwamiti ya iya yi a zaman ƙarshe shi ne sa kuɗin motar kwashe masai a kasafin kowace shekara, a layinsa na kansa, tsakanin kuɗin alli da na itace.